Edwin Armstrong: Ɗalibin Da Ya Yi Ta Ƙara Wa Rediyo Sassa Har Ya Kawo Mu FM

Duk wanda ya tashi a karkarar arewacin Kano, ko Dambatta ne, ko Makoɗa, ko Kunci, ko Bichi, ya san matsayin rediyo a gida. Manomi yana rataye shi a reshen bishiya ya ci gaba da noma, mai shayi yana ajiye nasa kusa da tukunya, dattawa kuma su kewaye shi da asuba da bayan isha'i. Ya kuma san halin rediyo in damina ta kankama. Da hadari ya haɗu, tashoshin matsakaicin zango da na gajeren zango sai su kama ƙaraf-ƙaraf, kowace walƙiya sai an ji ta a lasifika. Amma ka murɗa zuwa FM, sai ka ji murya tas kamar ba a ruwa.

Mutumin da ya raba mu da wannan ƙarar shi ne Edwin Howard Armstrong, injiniya ɗan Amurka. Abin da ya sa tarihinsa ya dace da wannan shafi shi ne, ƙirƙirarsa ta farko ya yi ta ne yana ɗalibi kamar mu, bai ma karɓi takardar kammala karatu ba. Ya samu dukiya da ɗaukaka, daga baya kuma shari'a ta cinye masa dukiyar da kwanciyar hankali.

Yaron ɗakin sama

An haifi Armstrong ranar 18 ga Disamba, 1890, a birnin New York. Mahaifinsa, John Armstrong, ma'aikaci ne a reshen kamfanin buga littattafai na Jami'ar Oxford da ke Amurka. Mahaifiyarsa Emily kuwa malamar makaranta ce kafin ta yi aure. Yana ɗan shekara takwas wata cutar jijiya mai sa jiki fizge-fizge ta kama shi, har ya yi shekara biyu ba ya zuwa makaranta. Ya warke, amma ta bar masa ɗan fizgar kafaɗa da baki da kan taso in ransa ya ɓaci.

Daga baya iyayensa suka koma Yonkers, wani gari a bakin kogin Hudson. A nan ya karanta labarin Marconi da aika saƙo ba tare da waya ba, shi ke nan abin ya shiga ransa. Ya mayar da ɗakin saman gidansu wurin aiki, ya cika shi da koyil da batir da wayoyi. A bayan gida kuma ya kafa dogon turken eriya mai tsawon ƙafa 125, yana hawa kansa ba tsoro, maƙwabta na salati. Son hawa wuri mai tsawo bai bar shi ba har girmansa.

A 1909 ya shiga Jami'ar Columbia, sashen injiniyan lantarki. Malamansa sun san shi da taurin kai a kan abu guda: ba ya yarda da lissafin allo sai ya gwada da hannunsa ya gani. A can ya haɗu da Farfesa Michael Pupin, wanda ya zame masa uban gida a fannin.

Sashe na farko: mai da sigina baya

Rediyon wancan zamani kurma ne in an kwatanta da na yau. Mai saurare sai ya toshe kunnuwansa da abin ji, ya riƙe numfashi, kafin ya tsinci ɗan ƙyas-ƙyas na saƙon Morse. Akwai wata kwalbar lantarki mai ƙafa uku, Audion, wadda Lee de Forest ya ƙirƙira a 1906, amma ƙarfin da take ƙara wa sigina kaɗan ne, kuma shi kansa mai ita bai gama gane yadda take aiki ba.

Armstrong ya zauna ya auna abin da ke gudana a cikinta. A 1912 ya gwada wata dabara: ya sa koyil a gefen da sigina ke fita, ya debi kaɗan daga abin da ya fito ya mayar da shi ta ƙofar shiga. Siginar ta yi ta zagayawa tana ƙara ƙarfi, ninki ɗaruruwa. Tashoshin da a da ba a jin su sai da ƙyar, yanzu ana iya ajiye abin ji a kan tebur a ji su daga nesa.

Kowa a cikinmu ya san ɗan uwan wannan abu. In mai magana a wurin biki ko wa'azi ya kusantar da makirfo ga lasifika, sai a ji wani kuka mai huda kunne. Sautin da ya fita ne yake komawa ya sake fita. Armstrong ya gane cewa in ka tsaya dab da inda kukan zai fara, kwalbar tana ƙara ƙarfi matuƙa. In kuma ka wuce wurin, sai ita da kanta ta fara haifar da igiyar rediyo mai mita daidaitacciya. Wato kwalba ɗaya ta iya karɓa, ta kuma iya aikawa. Ka ga tushen rediyon oba-oba ke nan.

To, a nan ne matsala ta fara. Ya nemi mahaifinsa ya ba shi dala 150 don ya yi rajistar mallakar ƙirƙirar, uban ya hana, don yana ganin wannan wasan wayoyi zai hana yaron gama karatu. Abin da ya iya yi kawai shi ne ya kai zanensa gaban jami'in shaida takardu aka buga masa hatimi ranar 31 ga Janairu, 1913. Ya gama jami'a a wannan shekarar, ya shigar da takardun rajista a watan Oktoba, aka ba shi a Oktoban 1914. Ku riƙe waɗannan kwanakin, za su dawo.

A farkon 1914 ya nuna na'urarsa ga wani matashin ma'aikacin kamfanin Marconi mai suna David Sarnoff. Sun kwana cikin sanyi a tashar Belmar suna kama saƙonni daga ƙetaren teku. Daga ranar suka zama abokai. A 1917 ƙungiyar injiniyoyin rediyo ta Amurka ta ba Armstrong lambar girmamawarta, shi ne mutum na farko da ya karɓe ta.

Sashe na biyu: mita ɗaya ga kowace tasha

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, Armstrong ya shiga rundunar sadarwa ta soja, aka tura shi Paris da muƙamin kyaftin, daga baya ya zama manjo. Damuwar da ya tarar ita ce, kwalaben lokacin ba sa iya ƙara ƙarfin sigina mai mita sama sosai.

Maganin da ya samo a 1918 shi ake kira sufahet a taƙaice. Wanda ya taɓa tsayawa a fadama tsakanin injin ban-ruwa biyu masu gudu kusan ɗaya ya san wani gurnani da ke tashi yana sauka a hankali. Wannan gurnanin bambancin gudun injinan biyu ne. Haka Armstrong ya yi. Ya sa rediyon ya haifar da tasa igiyar a ciki, ya gauraya ta da wadda eriya ta kamo, sai bambancinsu ya fito a mita ƙasa, wadda ke da sauƙin tacewa da ƙara wa ƙarfi.

Ga misali da lambobin da muke gani a aji. Tasha tana kan kilohaz 729, rediyonka ya haifar da 1184, bambanci 455. Ka koma wata tasha, igiyar ciki ita ma ta matsa, bambanci dai 455. Saboda haka matattara da amfilifaya sau ɗaya ake saita su a masana'anta. A rediyon FM bambancin da aka saba da shi megahaz 10.7 ne. Waɗannan ƙananan gwangwanaye masu kan sukuru mai launi da ake gani cikin tsohon rediyo, aikinsu ke nan.

Gaskiya dai ba shi kaɗai ya yi wannan tunani ba. Wani injiniyan Faransa, Lucien Lévy, ya riga shi shigar da rajista mai kama da ita a 1917, kuma daga baya hukumomin Amurka sun ba Lévy fifiko a kan yawancinta. Amma Armstrong ne, tare da abokin aikinsa Harry Houck, ya mayar da ita akwatin da mutumin gida zai iya kunnawa, wanda kamfanin RCA ya fitar kasuwa a 1924.

'Yan rediyon sha'awa sun ƙetare teku

Duk da muƙaminsa, Armstrong bai bar 'yan uwansa masu rediyon sha'awa ba, wato mutanen da ke haɗa na'urarsu a gida suna gaisawa da juna ta iska ba don kuɗi ba. Dokar Amurka ta 1912 ta kora su zuwa zangon mita 200 zuwa ƙasa, don manyan kamfanoni na ganin wurin ba ya kai saƙo nesa.

A Disamban 1921 Armstrong da abokansa biyar suka kafa tasha mai lamba 1BCG a wata bukka a Greenwich, jihar Connecticut, da ƙarfin da bai wuce kilowat ɗaya ba. Ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta ARRL kuma ta tura Paul Godley zuwa Ardrossan a Sikotland, ya kafa tanti cikin ruwa da iska, da rediyo ƙirar sufahet. Godley ya kama cikakken saƙonsu daga ƙetaren Tekun Atlantika. A lokacin, tashoshin kamfanoni suna ƙona ɗaruruwan kilowat kafin su yi wannan aiki. Cikin 'yan shekaru duniya ta gane darajar gajeren zango, wanda igiyarsa ke bugun saman sararin samaniya ta dawo ƙasa a wuri mai nisa. Ta wannan hanya ce sashen Hausa na BBC, wanda ya fara a 1957, da sauran takwarorinsa suka riƙa isa ƙauyukanmu.

Kuɗi, aure, kotu

A 1920 ya sayar wa kamfanin Westinghouse haƙƙin ƙirƙirorinsa biyu a kan dala 335,000. A 1922 ya fito da ta uku, wani salo na mai da sigina baya mai ƙarin ƙarfi, RCA ta saya a kan dala 200,000 da hannun jari 60,000. Da aka ƙara masa wasu, sai ya zama ba wani mutum ɗaya da ya kai shi jari a kamfanin. Yana da shekara talatin da 'yan kai ya zama miloniya.

A ofishin Sarnoff ya ga sakatariyarsa, Marion MacInnis. A 1923 ya hau can ƙololuwar eriyar wata tashar RCA a tsakiyar New York aka ɗauke shi hoto, Sarnoff ya fusata ya hana shi shiga ginin na wani lokaci. A Disamban shekarar aka ɗaura aurensa da Marion, kyautar da ya ba amarya kuwa rediyo ne na ɗauka a hannu da ya haɗa da kansa.

Duk wannan lokacin yana kotu da Lee de Forest a kan wanda ya fara gano mai da sigina baya. Hujjar de Forest ita ce littafin ɗakin gwajinsa, inda aka rubuta a Agustan 1912 cewa kwalbar ta yi kuka. Takardar Armstrong mai hatimi kuwa ta Janairun 1913 ce. Armstrong ya ci shari'o'in farko, amma Kotun Ƙolin Amurka ta ba de Forest gaskiya a 1928, ta sake ba shi a 1934. An ce shari'a saɓanin hankali. Yawancin injiniyoyi sun tsaya a kan cewa alƙalan ba su fahimci bambancin jin kuka da gane amfaninsa ba. Armstrong ya je taron ƙungiyar injiniyoyin don ya mayar musu da lambar 1917, suka ƙi karɓa, suka sake tabbatar masa da ita.

Sashe na uku: aske ƙarar tsawa

Yana cikin wannan ɓacin rai yana wani aikin a ɗakin gwaji na ƙarƙashin ƙasa a Columbia. A tsarin AM, murya tana hawa ne a kan tsayin igiya, igiyar na kumbura tana sacewa daidai da sauti. Walƙiya da tartsatsin inji su ma tsayin suke taɓawa, shi ya sa ba a iya raba su da murya. Akwai wata hanya, a bar tsayin yadda yake, a riƙa sauya saurin kaɗawar igiyar. Wannan ita ce FM. Sai dai a 1922 wani masanin lissafi, John Carson, ya nuna cewa FM mai ƙunƙuntar hanya ba ta da wani fifiko, kowa ya watsar da ita.

Armstrong ya bi ta ɗaya gefen. Kowa na ƙoƙarin matse hanya don kada ƙara ta shigo, shi sai ya buɗe ta. Ya bar igiyar ta yi lilo har kilohaz 75 kowane gefe, tasha ɗaya ta ci fili kilohaz 200, alhali tazarar tashoshin matsakaicin zango a nan Afirka kilohaz 9 ce. Sannan ya ƙara wa sufahet ɗinsa sassa biyu: ɗaya mai aske duk abin da ya yi tsiri a saman igiya, inda ƙarar take, ɗaya kuma mai fassara sauyin sauri ya koma murya. An ba shi rajista a Disamban 1933.

Daga 1934 zuwa 1935 ya yi gwaji a saman dogon ginin Empire State da izinin RCA, sakamako ya yi kyau, amma sai aka ce ya kwashe kayansa za a sa na talabijin. RCA tana da jari mai yawa a AM ta hanyar gidajen rediyonta na NBC, kuma Sarnoff, wanda ya zama shugaban kamfanin tun 1930, hankalinsa na kan talabijin.

A Nuwamban 1935 Armstrong ya tara injiniyoyi a New York ya kunna musu rediyo. Suka ji ana zuba ruwa a kofi, suka ji ana yaga takarda, ba ƙaraf ko ɗaya. Siginar kuwa daga gidan abokinsa Runyon take fitowa a Yonkers, daga tashar sha'awa mai lamba W2AG. Da ya ga manya sun juya masa baya, ya gina tasharsa da kuɗinsa a Alpine, jihar New Jersey, da hasumiya mai ƙafa 425. Tana nan har yau, kuma ita gidajen talabijin na New York suka fake da ita bayan harin 11 ga Satumba, 2001.

Faɗan da ya fi ƙarfi

A 1940 RCA ta yi masa tayin dala miliyan ɗaya, biya ɗaya, ta yi amfani da FM. Ya ƙi, don sauran kamfanoni suna biyansa ne a kan kowane akwatin da suka sayar, bai ga dalilin fifita babba ba. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, ya yafe wa sojan ƙasarsa kuɗin haƙƙinsa, aka yi ta ƙera oba-oba na FM don tankoki da sojan ƙasa.

A 1945 hukumar sadarwa ta Amurka ta ɗauke FM daga megahaz 42 zuwa 50 ta mayar da ita sama, inda muka san ta yau, 88 zuwa 108. Dubban ɗaruruwan akwatunan da mutane suka saya suka tashi aiki, tashoshi kuma sai sabon gini. A 1948 ya kai RCA da NBC ƙara kan amfani da ƙirƙirarsa ba biya. Lauyoyin kamfanin suka yi ta jan shari'ar shekara da shekaru, wa'adin rajistarsa ya ƙare a 1950, dukiyarsa ta tafi wurin lauyoyi da ɗakin gwaji. Hausawa na cewa faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa, shi kuwa bai iya ba. A ƙarshen 1953 rigimar ta shiga har cikin gidansa, suka yi mummunan saɓani da Marion, ta tafi wurin 'yar uwarta. A daren 31 ga Janairu, 1954, Armstrong ya kashe kansa, yana da shekara 63.

Marion ta ɗauki shari'o'in. RCA ta biya sama da dala miliyan ɗaya kaɗan a ƙarshen 1954. Sauran kamfanoni ta bi su ɗaya bayan ɗaya, wasu suka yi sulhu, wasu kotu ta kayar da su. Na ƙarshe shi ne Motorola, a 1967, shekara goma sha uku bayan mutuwar mijinta.

Abin da ya bari a kan teburinmu

Har yau masu rediyon sha'awa suna aiki irin nasa. Ana sayen oba-oba a warwatse cikin kwali, mutum ya zauna da dalma ya haɗa. Kamfanin Heathkit ya yi suna da wannan a da. Elecraft K2, wanda ya fito a 1999, yana zuwa ne da saƙon Morse kawai da ƙarfin kimanin wat 10. In hali ya samu sai ka ƙara masa ɗan allo na magana da murya, ko na rage ƙarar tartsatsi, ko na daidaita eriya da kansa, ko amfilifaya mai wat 100. Akwai kuma BITX, wanda Ashhar Farhan na Indiya ya tsara da kaya masu araha. Dukansu sufahet ne a ciki. Ƙa'idar aikin ita ce ta ɗakin saman Yonkers: ka tabbatar tushen yana aiki, ka ƙara sashe ɗaya, ka auna, ka rubuta, sannan ka ƙara na gaba. Wanda ya cusa alluna uku a dare ɗaya, in abu ya ƙi, bai san inda zai fara nema ba.

Mai neman furojet zai iya farawa da rediyon karɓa mai mai da sigina baya. Taransisto ɗaya ko biyu, koyil da za ka naɗa da hannunka, da kondensa mai juyawa daga mataccen rediyo sun isa. Igiyar FM kusan a miƙe take tafiya, shi ya sa in ka yi nisa da Kano, tashoshi irin su Freedom, wadda ta fara a 2003, sai an ɗaga waya a kan gora. Eriya mai kyau ga irin waɗannan ƙauyuka ma furojet ce mai amfani. Saurare ba ya buƙatar izini, amma aikawa sai da lasisin hukuma. Lambar kiran masu lasisi a Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U.

Sai batun takarda. A dokar Najeriya ta 1970, haƙƙin ƙirƙira na wanda ya fara shigar da rajista ne, kuma yana ɗaukar shekara 20. Ofishin rajistar yana ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, hukumar NOTAP kuma tana taimaka wa masu bincike a manyan makarantu su shigar da nasu. Saboda haka ɗan uwa, ka sayi littafi mai ɗinki, ka riƙa rubuta kowane gwaji da kwanan watansa, malamin da ke duba aikinka ya sa hannu. In kuma ka ga abin naka sabo ne, ka nemi shawara a kan rajista kafin ka ɗora bidiyonsa a Facebook. Tazarar da ke tsakanin littafin de Forest da hatimin Armstrong ba ta kai wata shida ba.